Koyon Evans Gambit a Lichess: inda ya yi kyau da inda ya gaza

Ga mai son ƙwarewa a Evans Gambit, wani salon buɗe wasan chess, dandalin intanet na Lichess ya wadatar, kuma ko sisi ba a biya. Bafaranshe Thibault Duplessis ne ya kafa shi a 2010, babu talla a ciki.

Buɗe allon nazari ka jera 1.e4 e5 2.Nf3 Nc6 3.Bc4 Bc5 4.b4. Fari ya ba da soja ɗaya a matsayin tarko. Idan baƙi ya ci da 4...Bxb4, sai 5.c3 ya kori bishof, 6.d4 ya mamaye tsakiya. Abin da fari ya saya da sojan shi ne lokaci da hanyar kai hari gidan f7, wanda sarki kaɗai ke gadinsa.

Danna alamar littafi, rumbun wasanni zai fito. Sashen gwanaye ya fara ne daga 1952, don haka kada ka nemi wasan da Kyaftin Evans, wanda ya ƙirƙiro salon, ya buga da McDonnell a Landan a 1827. Nemi na Kasparov da Anand a Riga, 1995, inda aka bi 5...Be7 6.d4 Na5 7.Be2, Anand ya miƙa wuya a taku 25.

Sashen wasannin Lichess ya fi amfani, domin za ka tace shi daidai da matakinka, ka ga yadda kwaɗayi ke kai mutane su baro. Misali 5...Ba5 6.d4 exd4 7.O-O dxc3 8.Qb3 Qf6 9.e5 Qg6 10.Nxc3. Baƙi na da rarar soja biyu, amma bishof ɗinsa na c8 bai motsa ba, kuma Ba3, wato bishof ɗin fari zuwa a3, na nan tafe don hana sarkinsa samun mafaka.

Matsalar tana wajen Stockfish, injin da ke auna wasa a allon nazari: lamba yake nunawa, ba ya faɗin dalili. Dubi kariyar Lasker, 5...Ba5 6.O-O d6 7.d4 Bb6 8.dxe5 dxe5 9.Qxd8+ Nxd8 10.Nxe5. Soja ya dawo, amma sarauniyoyi sun bar allo, hari ya mutu, a2 da c3 sun zama marayu. Shi ya sa ake fara buga 6.d4 maimakon 6.O-O, a amsa 6...d6 da 7.Qb3. Wannan bayanin sai ka rubuta wa kanka a sashen Study.

Injin kuma yana aiki ne a cikin wayarka, yana shan caji yana ɗumama ta. Kashe shi da zarar ka gama duba layin.