Gargaɗi kan mai sayar da haɗin man ƙamshi da sunan rigakafin mura

Kwalabe 12 na biya kuɗinsu, kowace mililita 10, kuma har yanzu idan na tuna daren da na tura kuɗin sai kunya ta rufe ni. Ni ba mace ba ce da ake ruɗa da daɗin baki, domin na yi tambayoyi, na nemi hoton kayan a wurin mai sayarwar, ta kuma turo. Abin da ya karya mini lago shi ne saƙon muryar da ta aiko, inda ta ce, "'Yar'uwata, ni ma uwa ce, ba zan ba ki abin da ba zan shafa wa ɗana ba." Wace uwa ce za ta ji wannan a lokacin da mura ke kwantar da yara, ta ƙi amincewa?

Ta ce haɗin man kanumfari, kirfa, na'a-na'a da ganyen bishiyar turare ne, wai in shafa wa yara a ƙirji, in kuma ɗiga musu a ruwan sha. Allah ya taimake ni ban ɗiga ba, domin man bishiyar turare guba ne idan aka sha, kaɗan ma yana iya sa yaro farfaɗiya. Shafawar kuwa na yi, kuma kafin gari ya waye ƙirjin ƙaramar 'yata ya yi ja ya kumbura. A asibiti aka faɗa mini cewa man kirfa da na kanumfari suna ƙona fata idan ba a sirka su ba, kuma ƙamshi ba ya hana ƙwayar cutar mura shiga jiki.

Tun kafin wannan ma, da kayan suka zo, na lura kwalaben na roba ne, alhali a hoto gilashi ne mai duhu, kuma babu takardar abin da ke ciki. Na yi mata magana, ta ce, "Haba 'yar'uwata, ki yarda da ni." Na kuwa yarda, har na ƙara kuɗin kwalabe 6 a kan 6 na farko, ga 12 ke nan. Yanzu ta toshe lambata.

Hotunan hirarmu da shaidar biyan kuɗi suna hannuna, kuma zan fitar da su. Kada ku saya, kada ku ba yaro ya sha, ku nemi allurar rigakafin mura a asibiti. Kwalabe 11 suna nan ban ko buɗe su ba.