Google Scholar a kan sikeli: gwaji da shafin Esther Duflo

Duk ɗalibin da ya taɓa neman madogara don kundin digirinsa ya san Google Scholar, manhajar laluben rubuce-rubucen ilimi da aka buɗe a shekarar 2004. Ɓangaren da na auna shi ne na shafukan masana, wanda mutane da yawa ke ɗauka a matsayin ma'aunin tasirin mai bincike, kuma na gwada shi da Farfesa Esther Duflo, haifaffiyar Faransa, wadda ta samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019 tare da Abhijit Banerjee da Michael Kremer saboda bincikensu kan yaƙi da talauci, tana da shekara 46.

Ta fuskar sauƙi babu abin kushewa. Kyauta ake amfani da manhajar, alhali takwarorinta irin su Scopus da Web of Science sai jami'a ta biya kuɗi mai kauri. Tana jera maƙalu bisa yawan ambaton da aka yi musu a wasu rubuce-rubuce, kuma sau da yawa tana nuna inda za a sauke kwafi ba tare da biyan ko sisi ba, abin da malamin da laburarensa ba shi da rajista da manyan mujallu zai fi kowa sanin darajarsa.

Matsalar tana fitowa ne idan aka nemi a karanta tasiri daga alƙaluman. Maƙalar da ke saman jerin Duflo, wadda ta rubuta da Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan a 2004, ba a kan talauci take ba, a kan ingancin wata dabarar ƙididdiga ce, kuma ta tara ambato ne saboda masana daga fannoni barkatai suna aiki da dabarar. Binciken da aka yi a ƙauyukan Udaipur na Indiya kuwa yana can ƙasa da ita, duk da cewa shi ne ya nuna yadda sansanin rigakafi na wata-wata, haɗe da kyautar kilo ɗaya na wani nau'in wake ga iyaye, ya ɗaga yawan yaran da suka kammala allurai daga kashi 6 zuwa kashi 39 cikin ɗari. Haka aikinta da ƙungiyar Pratham ta Indiya kan koyar da yaro gwargwadon abin da ya iya, ba gwargwadon ajinsa ba: hanyar ta isa makarantun gwamnati a Zambiya, an kuma gwada ta a firamaren Jihar Kano, amma shafin ba shi da gurbin da zai nuna hakan, domin ma'aikatar ilimi ba ta rubuta maƙala ta ambaci kowa.

Jerin abokan aiki ya fi ba ni takaici. Sunayen da ke fitowa a gefen shafi su ne waɗanda mai shafin ya zaɓa, kuma sai masu shafin kansu a manhajar. Mai karatu zai iya bin sawun haɗin gwiwar Duflo da Pascaline Dupas da Kremer kan tallafin karatun sakandare a Gana, sai dai ƙungiyoyi irin su Seva Mandir, waɗanda ma'aikatansu suka yi zirga-zirgar ƙauyukan Udaipur, ba sa cikin lissafi. Ƙari a kan haka, masana tattalin arziki sun saba jera sunaye bisa tsarin abacada, don haka zuwan Banerjee gaba da Duflo ba ya nufin shi ya fi yin aikin, kuma manhajar tana ba kowane marubuci cikakken ambato ko da su biyar ne.

Ina ba ta maki huɗu cikin biyar wajen nemo maƙala, biyu wajen auna tasiri. Wanda ke son ganin inda binciken Duflo ya shiga manufofin gwamnatoci gara ya haɗa da shafin J-PAL, cibiyar da ta kafa da Banerjee da Mullainathan a jami'ar MIT a 2003, inda ake bayyana kowane gwaji da ƙasar da aka yi shi da ƙungiyar da ta aiwatar.