Bi-da-bi, shuɗi da kore, ko kanari: wace hanya za ka zaɓa wajen sakin sabuwar manhaja?

Ranar 1 ga Agusta 2012, kamfanin hada-hadar hannun jari na Amurka, Knight Capital, ya tashi da sabuwar manhaja a sabar (kwamfutocin da manhajar ke gudana a kansu) bakwai cikin takwas, an manta da ɗaya. Cikin minti 45 ya tafka asarar kusan dala miliyan 440. Saboda haka kafin ka tambayi tsadar kowace hanya, fara tambayar minti nawa za ka yi ka koma kan tsohuwar idan sabuwar ta yi tutsu.

Mafi araha ita ce bi-da-bi, a riƙa sauya sabar kaɗan-kaɗan har a gama. Ita Kubernetes, manhajar da ke kula da gudanar da manhajoji a kan sabar da yawa, ke bi idan ba ka zaɓi wata ba. Matsalarta, komawa baya ma sai an bi layi.

Shuɗi da kore gida biyu ne iri ɗaya, wato rukunin sabar biyu. Jama'a na cikin shuɗi, kai kana gwaji a kore, in ka gamsu ka juya su can. Abu ya ɓaci? Ka juyo da su cikin daƙiƙoƙi. Kuɗin sabar zai ninka, amma ba nan gizo ke saƙa ba. Gidajen biyu galibi rumbun bayanai ɗaya suke ci. Idan sabuwar ta goge wani gurbi a rumbun, tsohuwar da kake taƙama da ita ba za ta tashi ba. Ka ƙara sabon gurbi yau, ka bar goge tsohon sai wani sakin.

Kanari kuwa ta samo suna daga tsuntsun da masu haƙar kwal a Birtaniya ke shiga rami da shi, in ya galabaita sun san iska ta gurɓace. Kashi 1 cikin ɗari na jama'a kake fara ba wa sabuwar manhajar, ka zuba ido. Ranar 19 ga Yuli 2024 kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya tura gyara ga kowa a tashi ɗaya ba tare da kanari ba, kwamfutocin Windows kusan miliyan 8.5 suka durƙushe. Argo Rollouts da Flagger, manhajojin da ake yin kanari da su, kyauta ne, sai dai kanari na son jama'a: mai baƙi 300 a rana, kashi 1 mutum uku ne, me za su nuna maka?

Ƙaramar tawaga, ni dai shuɗi da kore zan ce ta ɗauka, a hayi sabar da ake biya da awa, a kashe tsohon gidan bayan kwana biyu.