Littafin hotuna na koya wa yara bangaskiya a gida: wanne ya cancanci kuɗinku?

Makarantar Lahadi sa'a ɗaya ce ko biyu a mako. Sauran kwanakin yaro yana hannunmu, kuma Maimaitawar Shari'a 6:7 a kan iyaye ta ɗora nauyin koyarwa, a zaune a gida, a kan hanya, da lokacin kwanciya da na tashi. Shi ya sa iyayen yara 'yan shekara uku zuwa bakwai suke ta neman littafi mai hotuna. Sai dai ba kowane mai kyan bango ne yake koyar da tauhidi ba.

Wanda na fi so, ba na ɓoyewa, shi ne littafin da ya jera labaran Littafi Mai Tsarki tun daga Farawa har zuwa sabuwar sama da sabuwar ƙasa, ya riƙe su a matsayin labari guda na yadda Allah yake ceton mutanensa. A irin wannan, yaro yana ganin alkawarin da aka yi a gonar Adnin, ya bi shi ta wurin Ibrahim da Musa da Dawuda, har ya iso komin dabbobi a Baitalami. Ba sai kun yi masa lacca a kan zunubi da alheri ba, labarin ne zai sa shi da kansa ya tambaya, "Mama, me ya sa aka yanka ɗan ragon?" Nan koyarwa take farawa.

Kafin ku biya, ku buɗe labarin Dawuda da Goliyat. In marubucin ya rufe da "ka zama jarumi kamar Dawuda", ku ajiye shi. In ya nuna cewa yaƙin na Ubangiji ne, shi ya kuɓutar da jama'ar da tsoro ya kama, to kun samu. Daga nan ku nemi gicciye da tashi daga matattu. Akwai masu tsallake Jumma'a Mai Kyau wai don kada yara su firgita, alhali in aka cire gicciye ba sauran bishara. Ku duba kuma ko an sa sura da aya a ƙasan kowane labari, don ku iya buɗe Littafi Mai Tsarki ku tabbatar. Sunaye ma su dace da juyin da kuke karantawa a gida: na 1932 yana cewa Yohanna da Ru'ya ta Yohanna, na 1979 kuwa Yahaya da Wahayin Yahaya. Ƙaramin yaro yakan ɗauka mutum biyu ne.

Hotunan su ma koyarwa ce. Yesu Bayahude ne daga Nazarat, a Masar aka ɓoye shi yana jariri, kuma mutumin Habasha na Ayyukan Manzanni 8 ɗan Afirka ne. Littafin da ya zana kowa da gashin Turawa, sai mugaye kaɗai masu duhun fata, ba zai shiga gidana ba.

Littafin tambaya da amsa irin na katikisim yana da amfani wajen haddace Addu'ar Ubangiji da Dokoki Goma, amma ya zama na biyu, in yaro ya kai shekara shida. Na Turanci da ake shigowa da su takardarsu ta yi kyau, tsadarsu ta yi yawa, kuma kaka ba za ta iya karanta wa jikanta ba. Littattafan shafa kala na rage hayaniya ne kawai. Na cikin waya kuwa, da saƙo ya shigo an rasa hankalin yaron.

Inda nake so ku buɗe ido sosai shi ne batun Triniti, wato Allah ɗaya cikin Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Wasu littattafan suna misalta shi da ruwa, ƙanƙara da tururi. Wannan yana koya wa yaro cewa Allah mutum ɗaya ne mai sauya kama, abin da ikilisiya ta ƙi tun ƙarnukan farko. Gara shafin baftismar Yesu a Kogin Urdun, Matiyu 3:16-17, inda Ɗa yake fitowa daga ruwa, Ruhu yana saukowa kamar kurciya, muryar Uba kuma tana zuwa daga sama. Ku duba wanda ya wallafa littafin. Shaidun Jehobah suna da littattafan yara da Hausa masu kyan bugu, amma ba su yarda da Triniti ba, kuma a kan gungume suke zana mutuwar Yesu. In ku 'yan ECWA ne, ko COCIN, EYN, Angilikan ko Katolika, ku san wannan tun kafin ku karɓa.

Sai jabu. Na taɓa sayen wani a tashar mota, a naɗe cikin leda, mai sayarwa ya hana a buɗe. A gida muka tarar labari ya tsallaka daga Getsamani, inda aka kama Yesu, zuwa hawansa sama, shafukan tsakiya babu, wasu kuma an buga su sau biyu. Hunturu bai ƙare ba gam ɗin ya bushe, takardu suka zube. Saboda haka duk wanda ya ce ba a buɗewa sai an biya, ku bar masa kayansa. Ku buɗe tsakiyar littafin ku ga ko ɗinkin zare ne. Ku goga yatsa a kan hoto, in tawada ta biyo hannu, mai yiwuwa kwafin sata ne. Ku nemi sunan mawallafi da shekarar bugu da lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi. Sannan ku karanta shafi ɗaya da ƙarfi, domin yanzu akwai masu zuba Turanci a na'ura su buga abin da ta fitar, Hausar da ba mai yin ta a Wusasa ko Maraɗi.

Ku fara nema a shagunan da za ku iya komawa in an sami matsala, irin su Challenge Bookshop a Jos, ACTS a Bukuru, ko shagon littattafai na ikilisiyarku. Masu talla a WhatsApp da ke cewa a turo kuɗi tukuna, ku ce su ɗauki bidiyo suna buɗe shafukan ɗaya bayan ɗaya. Ko bayan an kawo, ku kai wa fasto ko malamar Makarantar Lahadi su duba kafin ya isa hannun yaro.