Gurguntar Kaji da Ciwon Shuɗin Harshe na Tumaki: Dangi Ɗaya, Hanya Daban

Malam, ka ce kajin naman da kake kiwo a Rigasa sun fara gurgunta suna da mako biyar, likita ya ce yana zargin riyobairos, kuma ka ji cewa dangin wannan ƙwayar cuta ne ke kawo ciwon shuɗin harshe a tumaki, shi ya sa kake tsoron kada kajin su shafa wa ragunan da ka turke a gida ɗaya. Ba za su shafa musu ba. Dangantakar gaskiya ce, amma kowace ƙwaya tana da dabbar da take kamawa da hanyar da take bi.

Ta kaji tana bin kashi zuwa baki, tana kuma iya wucewa daga uwa zuwa ɗan tsako ta cikin ƙwai, saboda haka sau da yawa matsalar tun daga wurin ƙyanƙyasa ake sayo ta. An fi ganinta a kajin nama tsakanin mako 4 zuwa 8. Idan ka ɗaga kazar ka shafa bayan gwiwarta za ka ji kumburi a kan agara, wani lokaci agarar ta tsinke har fatar wurin ta yi kore saboda jinin da ya taru. Kazar takan zauna a kan gwiwa kusa da mazubin abinci ta kasa kaiwa gare shi. Ba ta cika kisa da yawa ba. Asarar tana cikin tsumburewa da abincin da aka ci ba a yi nauyi ba. Ƙwayar kuma tana da taurin rai, tana daɗewa a cikin dussar katakon da aka shimfiɗa, don haka sai an kwashe shimfiɗar baki ɗaya, an wanke ɗakin, an bar shi ya huta kafin a zuba sababbi. Rigakafinta mafi amfani iyayen kaji ake yi wa, su gadar wa 'ya'yansu kariya, kuma wannan tambaya ce da ya kamata ka yi wa mai sayar maka da 'yan tsaki.

Shuɗin harshe kuwa ba ya bin kashi, kusan kullum ƙwaro ne ke ɗaukarsa: ɗan mitsitsin ƙwaro mai cizo irin ƙyashi, wanda ke hayayyafa a laka mai haɗe da taki, yana fitowa da magariba da asuba, musamman a damina. Shanu sukan riƙe ƙwayar makonni a jininsu ba tare da alama ba, tumaki ne ke shan wahala, da zazzaɓi, kumburin leɓe da fuska, dalalar yawu, gyambon baki da ɗingishi saboda zafin saman kofato. Shuɗin harshen kansa ba kasafai ake ganinsa ba. Tumakinmu na gida irin 'Yankasa da Balami da Uda sun fi jurewa fiye da na ƙetare. A Turai, inda ya ɓarke a Holan da Beljiyam da Jamus a 2006, ya yi ɓarna sosai. Kariyar ragunanka ita ce busasshen turke, kwashe taki, da shigar da su ɗaki kafin faɗuwar rana, balle idan gidan yana kusa da fadama.

Dukkansu biyun antibayotik ba ya kashe su, kuma ba sa kama mutum. A ganina, abin da ya fi muhimmanci gare ka yanzu shi ne tabbatar da zargin likitan, domin wata ƙwayar cuta mai suna maikofilasma da ƙarancin kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, su ma suna gurguntar da kaji, kamar yadda boru da PPR, wato annobar awaki da tumaki, ke kawo gyambon baki a tumaki. Ana iya kai samfur Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ko Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, kuma gara a kai kaza mai rai wadda ta fara ɗingishi maimakon mushe.