Kafin Ka Sayi Gonar da Za Ka Zauna a Cikinta

Wanda yake son barin birni ya koma karkara ya ci da iyalinsa daga guminsa, ya kamata ya auna ƙaramar hukumar da yake hange kafin ya tambayi farashin eka, domin gona mai arha a inda ruwa bai wadata ba tsada ce da ita.

A Kura, Bunkure da Garun Malam ta Jihar Kano, ruwan madatsar Tiga yana bin magudanai har cikin gonaki, saboda haka ana noman shinkafa da damina, a koma alkama da tumatir da rani, ga kasuwar Kwanar Gafan a kusa. Sai dai filayen ƙanana ne, masu su ba sa son rabuwa da su, kuma wurin kiwo ya yi ƙaranci. Lere da Soba a Jihar Kaduna suna samun ruwan sama da ya kai milimita 1,000 a shekara, ƙasarsu tana karɓar masara da waken suya, amma masara ba ta yi sai da taki, kuma dole mai saye ya binciki halin tsaro ƙauye bayan ƙauye, daga bakin mazauna wurin. A Auyo da kewayen Haɗeja kuwa ruwa yana kusa da saman ƙasa, rijiya ba ta da wahala, kifi ma yana samuwa, amma ambaliya irin ta 2022 da ciyawar kacala da ke toshe hanyoyin ruwa suna iya cinye wahalar shekara guda.

A ganina, mai neman dogaro da kai ya fi buƙatar tudu haɗe da ɗan yankin fadama fiye da babban fili iri ɗaya, domin tudun ya ba shi gero, dawa da wake na rumbu, fadamar kuma ta ba shi kayan miya da ɗan kuɗin kashewa da rani. Ya je wurin a watan Afrilu ya leƙa rijiyoyi, ya sake komawa a Agusta ya ga ko hanya tana biyuwa, ya kuma duba ko ciyawar wuta-wuta ta mamaye dawa, wadda alama ce ta ƙasar da ta gaji.

Batun mallaka ya fi komai jawo rigima. Dokar filaye ta 1978 ta ɗora amanar ƙasa a hannun gwamna, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon bayar da takardar mallaka a karkara, don haka shaidar dagaci tana da amfani amma ba ta wadatar ita kaɗai. Idan gonar gado ce, a tabbatar an raba, kuma dukkan magada, har da mata, sun sa hannu. A kuma tambaya ko tana cikin jingina, ko iyakarta ta ci burtali.