Gidan kallon Mabera da ke nuna gasar Tailan

Masu tambayata ina nake kallon ƙwallon Tailan a nan Sakkwato, wani ɗan gidan kallo ne a Mabera, mai wurin yana jona laftof da talabijin ya kamo wasan ta intanet. Tailan ta riga mu da awa 6, shi ya sa wasan da suke bugawa da yamma mu nan wajen azahar yake faɗo muna, lokacin galibin wasannin Firimiya da Laliga ba a fara su ba, benci fayau, kuɗin shiga ma rabi ne.

Abin da ya sa nake yaba wurin shi ne allon da ke jikin bango. Mutumin nan da alli yake rubuta teburin ƙungiyoyi 16 duk sati, ukun ƙasa masu faɗuwa ya ja musu jan layi, kuma wallahi ya san dokar gasar ba haddar sunaye kawai ba. Rannan gardama ta tashi kan kakar 2019, wani yaro ya rantse an yi wa Buriram United fashi tunda maki 58 gare su, Chiangrai United ma 58, to mi ya sa anka ba Chiangrai kofi? Mai gida ya zaunar da shi ya ce ɗan'uwa, can idan maki ya zo ɗaya haɗuwar da kunka yi tsakaninku ake fara dubawa kafin a ƙirga ƙwallaye, kuma Chiangrai ta lallasa su 4-0 a gidanta. Wannan ne karon farko da Chiangrai ta ɗauki kofin wannan gasar. Ni na ji daɗin bayanin nan sosai, don Buriram ta saba kwashe komai, daga 2022 zuwa 2025 ita ce ta ɗauka a jere, kafin nan BG Pathum United ce a 2021.

Matsala kam akwai. Rufin kwano ne babu silin, da tsakar rana a zafin garin nan fanka ɗaya ba ta komai, idan natwok ya yi rauni hoto sai ya daskare ana cikin kai hari, sharhin kuma da yarensu ne ba ka jin ko kalma. Amma yana kashe sauti in an kira salla, kuma ba ya yarda da caca a wurin. Ku taho da ruwan sanyinku, ba ya sayarwa.